Yadda Ake Haɗa Majaujawar Tebur, A Auna Jifanta Da Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa buga Angry Birds, wasan da kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya fitar a 2009, ya san lanƙwasasshen layin nan da tsuntsu ke bi daga danƙo zuwa gidan aladu. Wayar ce ke lissafa layin sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma lissafin da take yi shi ne dai wanda ɗaliban babbar sakandare ke karo da shi a darasin kwadiratik, wanda WAEC da NECO ke tambaya a kansa. A wasa mutum yana kallon layin da idonsa. A aji kuwa x da y kawai ake rubuta masa a allo, a ce ya nemo su, ba tare da ya san ko mene ne ya ɓace ba.

Ƙaramar majaujawa ta katako tana iya cike wannan giɓi, musamman yanzu da kusan kowane aji akwai mai waya mai kyamara, ko malami ko ɗalibi. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da yawancin masu nuna yadda ake haɗa ta a YouTube da TikTok ke tsallakewa. Majaujawar da za a yi lissafi da ita dole ta iya maimaita jifanta: a harba sau goma, abin jifan ya sauka kusan wuri ɗaya sau goma. Idan ba ta yin haka, yara za su yi dariya su ji daɗi, amma babu lambar da za a dogara da ita.

Majaujawar da ake nufi a nan ba ta igiya ba ce da ake korar tsuntsaye da ita a gona, ba kuma danƙon harbi ba. Na'urar nan ce mai dogon hannu da ake dannewa ƙasa a saki, ta wurga abin da aka ɗora mata, wadda littattafan tarihi na Larabci ke kira manjaniƙ. Da manyanta ake rusa ganuwa a zamanin da. Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya sa an gina wata ƙatuwa a 1304, lokacin da ya yi wa fadar Stirling ta Sukotlan ƙawanya. Ta tebur tsawonta bai wuce na rula ba.

Matsalar wadda ta fi yawo a intanet

Wadda aka fi gani ita ce ta tsinkayen askirim, ko faffaɗan katakon nan da likita ke danne harshe da shi. A jera bakwai ko takwas a ɗaure da roba, a cusa su tsakanin wasu guda biyu, a manna murfin kwalba a bakin na sama. Minti biyar an gama. Ga yaran firamare ta wadatar.

Ga lissafi kuwa tana da aibu uku. Ba ta da nauyi, saboda haka tana zabura duk lokacin da aka saki. Babu wani abu da ke ƙayyade iya inda yatsa zai danna, don haka jifan Musa daban na Hauwa daban, har jifan Musa na farko da na biyu ma ba ɗaya ba ne. Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki: tana jefa abu sama sosai ya dawo kusa da ita, maimakon ya yi nisa. Dalilin wannan yana zuwa a ƙasa, kuma shi kansa darasi ne guda.

Kayan haɗi da yadda ake haɗawa

Ragowar katako a shagon kafinta ta isa. Ana buƙatar falanki mai tsawon santimita 30, faɗi 10, kauri kamar 2, shi ne gindi. Sai siririn katako mara nauyi mai tsawon santimita 20 zuwa 22, shi ne hannu. Tsohuwar rula ta katako tana yi. Sai ƙaramin hinji irin wanda ake sa wa ƙofar kabad, da gajerun katakai biyu masu tsawon santimita 13 da za su tsaya a matsayin ginshiƙai, da doguwar ƙusa ko fensir da za a gitta a tsakaninsu, da robar ɗaure kuɗi, da murfin robar ruwa ko na lemo, da ƙananan ƙusoshi da gam.

A ɗaura hinjin a kan falankin, kamar santimita 8 daga bakin gaba, a haɗa shi da ƙarshen hannun ta yadda hannun zai kwanta ta baya, ya kuma iya tashi sama ba tare da ya karkata dama ko hagu ba. Idan hinjin yana lilo, a canja shi tun yanzu, don duk wani lilo zai fito a sakamako. A manna murfin a ɗaya ƙarshen, bakinsa na kallon sama, a bar ɗan santimita ɗaya a bayansa inda za a riƙa dannewa.

Ginshiƙan biyu za su tsaya a gefe da gefe, santimita 6 a bayan hinjin. A huda su a tsayin santimita 10 da rabi daga saman falankin, a zura doguwar ƙusar ta gitta. Wannan ita ce sandar birki: a jikinta hannun zai daki ya tsaya, abin jifan kuma ya wuce. Yana da kyau a naɗe ta da ɗan ƙyalle ko salatif don rage ƙara da girgiza. Robar kuma a ɗaura ta a jikin hannun, daidai inda yake taɓa sandar, a haye da ita ta saman sandar, a sauko a maƙala a wata ƙusa da aka kafa a bakin gaban falankin. Ko hannun na tsaye a jikin birki, robar ta kasance da ɗan ja, kada ta yi sako-sako.

Saura kunama. Yatsan mutum ba ya sakin abu iri ɗaya sau biyu, saboda haka a lanƙwasa ƙusa ɗaya kamar harafin L, a kafa ta a bayan falankin ta yadda za ta riƙe bakin hannun idan an kwantar da shi, in an juya ta kuma ta sake shi. Wannan ƙusar da ba ta kai komai ba a kuɗi ta fi kowane ɓangare tasiri wajen sa jifa ya maimaitu.

Abin jifa shi ma sai an zaɓa. Dutse da ƙwallon gilas da goran ƙarfe ba su da wuri a aji, ido ɗaya ya fi darasin gaba ɗaya tsada. Ƙwallon tebur kuma ta yi rashin nauyi, iska tana riƙe ta. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan ƙullin shinkafa ko gero a ƙyalle, girman ƙwallon dabino biyu, a ɗaure tamau. Yana da nauyin da zai ratsa iska, ba ya tsalle in ya faɗi, ba ya gangarawa, kuma ko ya sami mutum ba zai ji masa ciwo ba. Duk da haka, kada kowa ya tsaya a gaba. Wurin sauka kuwa faffaɗan tire ne da aka baza wa yashi mai laushi. Ƙullin zai bar gurbi, a auna, a share da tafin hannu.

Kusurwar hannu ba ita ce kusurwar jifa ba

Nan ne ɗalibai da yawa, har da wasu malamai, ke yin tuntuɓe. Mutum zai auna kusurwar da hannun ya tsaya, ya ga digiri 60, ya rubuta cewa an yi jifa a digiri 60. Ba haka ba ne. Bakin hannun da'ira yake zagayawa, kuma duk abin da ya kuɓuce daga da'ira yana fita ne a gicciye da hannun da ke juya shi, wato da tazarar digiri 90 tsakaninsu. Mai wurga majaujawar igiya ya san wannan a jikinsa ko bai taɓa shiga aji ba: ba ya sakin igiya lokacin da dutsen ke saitin abin da yake hari, yana saki ne lokacin da dutsen ke gefensa.

Saboda haka kusurwar jifa ita ce 90 a cire kusurwar hannu. Hannun da ya tsaya a digiri 60 daga falanki yana jifa a digiri 30. Wanda ya tsaya a 45 yana jifa a 45. Wanda ya miƙe tsaye cak a 90 yana jefa abu a kwance, ya faɗi da wuri. Ta tsinkayen askirim kuwa hannunta yakan tsaya ne a wajen digiri 20, shi ya sa take harbi a kusan 70, abu ya yi sama ya dawo kan tebur.

Ma'aunin da aka bayar a sama, 6 a baya da 10 da rabi a tsaye, ba kara zube aka zaɓe shi ba. A raba 10.5 da 6 za a sami 1.75, kuma tan na digiri 60 shi ne 1.73. Wato majaujawar tana zaune a shimfiɗe za ta yi jifa a kusan digiri 30. Kaurin katako da na hinji za su ɗan sauya lambar, don haka bayan an gama haɗawa sai an auna.

To idan ana son wata kusurwar fa? Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne ya huda ramuka da yawa a ginshiƙan, ya riƙa matsar da sandar birki. Wannan yana ɓata gwajin, domin in sandar ta matsa, tazarar da robar ke jan hannun ta canja, gudun jifan ma ya canja. An taɓa abu biyu a lokaci guda ke nan, kuma ba za a san wanne ya jawo bambancin ba. Masu rubuta manhaja sun san wannan ƙa'ida wajen neman kuskure a cikin aiki: abu ɗaya ake canjawa, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Mafita ita ce a bar birki da roba yadda suke, a ɗaga gaban falankin gaba ɗaya da littattafai. A ɗaga shi da digiri 15, jifa ya koma 45. A ɗaga da 30, ya koma 60. Tunda falankin santimita 30 ne, ɗagawar digiri 15 na buƙatar tsayin santimita 7.8, ta digiri 30 kuma santimita 15 cif, domin sin na 30 rabi ne. Ɗalibi ɗaya ya danne gindin da hannu biyu a kowane harbi.

Aikin waya

Aiki na farko shi ne auna kusurwa. Kowace wayar zamani tana da ɗan ma'aunin motsi a cikinta, wanda ke juya fuskar waya idan an kwantar da ita. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi kuma take bayarwa kyauta, tana amfani da shi wajen nuna karkatar waya a digiri, a sashen da ta sa wa suna Inclination, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar data. Masu iPhone suna da irin wannan a cikin manhajar Measure. A cire wa wayar riga, a jingina bayanta a jikin hannun majaujawar yana tsaye a birki, a kula kada tudun kyamara ya ɗaga ta, a karanta lambar, a cire daga 90.

Aiki na biyu shi ne bidiyo. Bidiyo jerin hotuna ne, kuma yawancin wayoyi suna ɗaukar 30 a daƙiƙa. Jifan irin wannan majaujawa bai fi rabin daƙiƙa da ɗan wani abu ba a iska, wato hotuna kamar 17. Sun isa a yi aiki, sai dai ƙullin zai riƙa fitowa da ɗan jela saboda gudu. Wayar da ke da tsarin tafiyar hawainiya, wanda ake rubuta Slow motion a cikin kyamara, tana ɗaukar 120 ko 240 a daƙiƙa. A 120 wannan jifan zai ba da hotuna kusan 70. A tuna cewa bidiyon da aka ɗauka a 120 ake kallonsa a 30 ya ninka lokaci sau huɗu, na 240 kuma sau takwas. Wanda ya karanta daƙiƙoƙin da ke ƙasan bidiyon kai tsaye bai raba ba, lissafinsa zai nuna masa kamar a duniyar wata aka yi jifan.

Allon aji shi ne takardar giraf. A zana masa layuka da alli, a tsaye da a kwance, tazarar santimita 10 tsakanin kowanne, a ajiye majaujawar dab da allon ta yadda ƙullin zai wuce ta gabansa da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Idan ya yi nisa da allon, kyamara za ta nuna shi a gurbin da ba nan yake ba. Wayar kuma a kafa ta a kan tebur ko a jingina ta da littattafai, mita biyu zuwa uku daga allon, tana kallon tsakiyar hanyar jifan kai tsaye. Ba a riƙe ta a hannu, ba a bin ƙullin da ita, ba a kuma amfani da kyamarar 0.5 mai faɗin gani, don tana lanƙwasa layuka a gefe. Tafiyar hawainiya tana cin haske, kuma wasu ƙwayayen lantarki suna ƙyaftawa a cikinta, saboda haka hasken rana ta taga ya fi. A kashe fanka.

Daga nan sai a buɗe bidiyon a manhajar gyaran bidiyo irin CapCut, a ja layin lokaci ya buɗe, a riƙa matsawa hoto bayan hoto ana rubuta inda ƙullin yake: nisa nawa daga inda ya tashi, tsayi nawa. Wurare bakwai ko takwas sun isa. Idan za a tura wa sauran ɗalibai bidiyon, a tura ta Xender ko a matsayin Document a WhatsApp, domin turawar yau da kullum tana matse shi har layukan allin su dushe. Makarantar da ke da kwamfuta tana iya sauke Tracker, manhajar kyauta da aka yi musamman don bin abu mai motsi a bidiyo.

Abin da lambobin ke faɗa

Idan abu ya tashi ya sauka a tsayi ɗaya, kuma iska ba ta dame shi ba, nisansa shi ne:

R = v² × sin(2θ) ÷ g

R nisa ne a mita, v gudun da ya tashi da shi, θ kusurwar jifa, g kuma ƙarfin jan ƙasa, 9.8. A ɗauka gudun mita 4 ne a daƙiƙa. A digiri 45 nisan zai zama mita 1.63. A digiri 30 mita 1.41. A digiri 60 ma mita 1.41, daidai wa daida, duk da cewa na 30 wajen santimita 20 kawai ya hau kuma ya sauka cikin daƙiƙa 0.41, na 60 kuwa ya hau har santimita 61 ya daɗe daƙiƙa 0.71. Kafin a harba na 60, malami ya sa kowa ya rubuta hasashensa a takarda. Kaɗan ne za su ce gurbi ɗaya zai faɗa.

Wannan tambaya ta daɗe tana cin mutane. Niccolò Tartaglia na Italiya ya rubuta a 1537 cewa igwa ta fi nisan harbi a digiri 45, Galileo kuma ya nuna a littafinsa na 1638 cewa hanyar abin da aka jefa farabola ce, da cewa kusurwoyi biyu da suka yi wa 45 tazara ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, nisansu ɗaya. ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a 1946, an gina ta ne don lissafa jadawalin harbin igwa ga sojojin Amurka. Wayar da ke aljihun ɗan aji biyar ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ga yadda kwadiratik ke shigowa. Da gudun mita 4 a digiri 45, hanyar ƙullin ita ce y = x − 0.61x². A sa y ya zama sifiri a warware, za a sami amsa biyu: x = 0 da x = 1.63. Ta farko inda ya tashi, ta biyu gurbin da ke cikin yashi. Ɗalibin da ya daɗe yana tambayar me ya sa kwadiratik ke da amsa biyu, ga su nan a ƙasa yana iya taɓawa. Ƙololuwar layin tana tsakiyarsu, a x = 0.82, tsayi santimita 41. Alamar cirewa da ke gaban x² ita ce ke kifar da layin ƙasa. Idan an zuba wuraren da aka ɗebo daga bidiyo a jadawalin Desmos, aka rubuta y1 ~ ax1² + bx1 + c, manhajar za ta fitar da a da b da c na ainihin jifan, a kwatanta da na takarda.

Ba lallai a auna gudu kai tsaye ba, ana iya komawa da baya. Misali, a ce an harba sau goma a digiri 45, aka auna da tef ɗin tela, aka sami santimita 158, 163, 160, 155, 166, 161, 159, 164, 157, 162. Jimla 1605, matsakaici 160.5, tazara tsakanin mafi nisa da mafi kusa 11. A ninka 1.605 da 9.8 a ɗauki sukwaya rut, gudun ya fito 3.97. Da wannan lambar ana iya faɗin inda jifan digiri 30 zai sauka tun ba a harba ba: mita 1.39. Tef ɗin tela santimita 150 ne, sai an haɗa biyu ko a yi alama a mita ɗaya a ci gaba daga nan.

Tazarar nan ta 11 ba abin kunya ba ce da za a ɓoye, ita ce ke faɗin iya abin da gwajin zai iya tabbatarwa. A lissafi, bambancin nisa tsakanin digiri 40 da 45 bai kai santimita 3 ba. Majaujawar da jifanta ke warwatsuwa a faɗin santimita 11 ba za ta iya raba su da harbi ɗaya ɗaya ba. Rukunin da ya harba sau ɗaya a 40, sau ɗaya a 45, ya sanar cewa Galileo ya yi kuskure, bai gano komai ba sai cewa harbi ɗaya ba hujja ba ne. Kamfanoni ma suna koya wa ma'aikatansu wannan da irin wannan na'ura. Akwai wata ƙaramar majaujawar katako mai suna Statapult da ake amfani da ita a horon kula da ingancin kaya na Six Sigma.

Inda takarda da ƙasa ke saɓawa

Lissafin da ke sama ya ce a tashi a sauka a tsayi ɗaya. Murfin majaujawar kuwa yana sakin ƙullin ne a wajen santimita 20 sama da tebur, kuma tsayin yana canjawa idan an ɗaga gaban falankin. Saboda haka a kowace kusurwa a auna tsayin murfin yana tsaye a birki, a ɗora tiren yashin a kan kwali ko littattafai ya kai wannan tsayin. Nisan ma daga saitin murfin ake fara auna shi, ba daga bakin falanki ba.

Idan kuma aka harba daga kan tebur zuwa ƙasa, digiri 45 ta daina zama zakara. Daga tsayin santimita 75 da gudun mita 4, kusurwar da ta fi nisa tana wajen digiri 36, mita 2.26, alhali 45 na ba da 2.19. Dalili shi ne ƙullin ya sami ƙarin lokacin faɗuwa kyauta, don haka gara a ba gudun gaba kaso mafi yawa. Wannan ya dace da 'yan ajin ƙarshe, tunda c ba sifiri ba ne yanzu, sai an yi amfani da cikakkiyar dabarar warware kwadiratik.

Roba ita ce mai yawan rigima. Sabuwar roba ta fi tauri a ja na farko da na biyu, don haka a yi harbi biyar na banza kafin a fara rubutawa. Zafi yana canja ta, rana tana busar da ita ta tsattsage, kuma idan ta tsinke a tsakiyar gwaji aka sa wata, duk lambobin baya sun zama na wata majaujawa daban, sai a sake daga farko. Bayan darasi a cire ta a ajiye a inuwa. Akwai tambaya mai daɗi a nan: in an sa roba biyu, nisan zai ninka sau nawa? Masu kallon v² za su ce huɗu. Amma roba biyu ƙarfin da aka tara suke ninkawa, gudun kuma ya ƙaru da kusan 1.4 kawai, nisan ya ninka kusan sau biyu. Haka nan ninka nauyin ƙullin ba ya raba nisan biyu, domin kaso mai yawa na ƙarfin robar yana tafiya ne wajen wurga hannun katakon kansa.

Ga mai sha'awar rubuta manhaja, layuka biyar na Python a cikin Pydroid 3 za su fitar da jadawalin kusurwoyi duka:

import math
gudu = 3.97
for kusurwa in range(15, 80, 5):
    nisa = gudu**2 * math.sin(math.radians(2 * kusurwa)) / 9.8
    print(kusurwa, round(nisa, 2))

A lura da kalmar radians. Python da Google Sheets da Excel duk ba sa karɓar digiri kai tsaye a cikin sin. Wanda ya manta ya juya zai ga nisa yana fitowa da alamar cirewa, kamar ƙullin baya ya tafi. Kalkuletar waya ma a duba ko Deg ta nuna ko Rad kafin a danna komai.

Waya ɗaya da majaujawa ɗaya sun ishi aji guda in an raba aiki: mai danne gindi, mai juya kunama, mai auna gurbi, mai share yashi, mai rubutu, mai kyamara, sauran kuma kowa da takardarsa yana lissafi. Gwajin ƙarshe shi ne malami ya faɗi kusurwar da ba a taɓa harbawa ba, a ce digiri 52, kowane rukuni ya lissafa nisan, ya ajiye kwanonsa a inda ya ce, sannan a harba sau uku. Girman kwanon ma daga lambobin za a ɗauko shi. Jifan da ke warwatsuwa a faɗin santimita 11 zai riƙa kuskure kofin shayi ko da lissafin ya yi daidai, saboda haka a nemi kwano mai faɗin baki kamar santimita 15, a zuba masa ɗan yashi don kada ya kife.